RUMBU ƊAYA BA AJIYA BA NE

A cikin wasiƙun da suka iso mana wannan mako akwai wata wadda muka ga ya kamata mu buga ta duka, mu kuma amsa ta a fili, domin ciwon da ya kama mai ita ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya roƙe mu kada mu bayyana sunansa ko na makarantar da yake aiki, mun kuwa yarda. Ga abin da ya ce:

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in kai kukana ga masu sani. Ni akawu ne a wata makarantar sakandare. Yau shekara 7 ke nan duk abin da ya shafi yara, watau sunayensu, da makin jarrabawarsu, da lissafin kuɗin makaranta, da takardun shaida, cikin kwamfutar ofis nake rubuta su. Tun wajen mako 3 da suka wuce na fara jin tana wani ƙara daga ciki, ƙyas, ƙyas, kamar agogon bango, tana kuma nawa wajen buɗe takarda. Na ce ko zafi ne. Ran Litinin na kunna ta, ta ƙi tashi. Mai gyara ya duba, ya ce rumbunta ne ya mutu. Na ce masa ba kome, ai ina da kwafi, gama kowace Juma'a nakan kwafe aikina daga sashen C zuwa sashen D. Sai ya girgiza kai, ya ce C da D duk cikin rumbu ɗaya suke. Ina da filash, amma rabona da zuba wani abu cikinsa tun bara waccan. Yanzu wani abokina ya ce in sa rumbun cikin firiza ya kwana, wani ya ce in kawo masa ya kwance ya goge ƙurar da ke ciki. Shugaban makaranta kuwa yana jiran sakamakon 'yan ajin ƙarshe, ban kuma gaya masa abin da ake ciki ba tukuna. Ko barci ba na iyawa. Don Allah me zan yi? Wasalam.

Naka,
Akawu.

To, Malam Akawu, mun ji kukanka, Allah ya sawwaƙe. Ba za mu tsaya yi maka faɗa ba, gama abin da ya same ka ya ishe ka faɗa. Mun kuma san wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka tun kafin mu yi nisa muna gaya maka, shawarar abokan nan naka biyu kaifin takobi ce, kada ka kama. Amma don ka gane dalili, bari mu fara bayyana maka yadda cikin rumbun nan yake.

Rumbun kwamfuta irin naka, wanda masu gyara ke kira had-dis, ɗan akwati ne na ƙarfe, cikinsa akwai faifai ɗaya ko fiye, an shafe su da wani sinadari mai maganaɗisu. Faifan nan suna juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 cikin minti ɗaya. A bisansu akwai wani ɗan hannu mai allura a baki, ita ke rubutu, ita ke karatu. Allurar nan ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne bisa iskar da juyawarsa ke tayarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Kamfanin IBM ne ya fara sayar da irin wannan rumbu a shekarar 1956. Na farin nan faifai 50 gare shi, faɗin kowane inci 24, abin da yake ɗauka kuwa harafi miliyan 5 ne kawai, watau da ƙyar zai riƙe hoto ɗaya ko biyu na wayar hannun yau. An yi ta ƙanƙanta shi ana ƙara masa ciki har ya zama abin sawa aljihu, amma dabarar tana nan yadda take: faifai mai gudu, da allura mai shawagi. Abin da ke gudu haka dare da rana kuwa, tilas wata rana ya gaji.

Ƙaran nan da ka ji kamar na agogo, galibi allurar ce take fita neman layinta a kan faifai, ta rasa, ta komo, ta sake fita. Wannan shi ne kukan rumbu yana neman agaji. Kadan allurar ta lalace har ta sauka bisa faifan, sai ta riƙa kankare sinadarin da ke riƙe da rubutun, abin da ta kankare kuwa ya tafi ke nan, ba mai iya komo da shi. Ka ga ashe duk kunnawar da ka yi don ka gwada ko za ta tashi, wataƙila wani shafi ne na aikinka kake gogewa.

Saboda haka ga abin da za ka yi yanzu. Na fari, kada ka sake kunna ta, kada kuma ka bari wani ya kunna. Na biyu, kada ka yarda kowa ya kwance rumbun a shago ko a ofis. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da muka faɗa girma nesa, masu wannan aiki kuwa cikin wani ɗaki na musamman suke yi, wanda ake tace iskarsa. Wanda ya buɗe shi a bakin titi garin gyaran gira zai rasa ido. Na uku, ka manta da batun firiza. In ka fito da shi daga sanyi raɓa za ta kwanta bisa faifan da wayoyinsa, ka tara masa ciwo biyu. Na huɗu, kada ka buga shi, kada ka jijjiga shi. Ka sa a cire shi a hankali, a naɗe shi da abu mai laushi, a ajiye inda ba zafi ba laima.

Sa'an nan sai ka nemi gwanayen ceto bayanai, ba kowane mai gyaran kwamfuta ba. Aikinsu shi ne su samo wani rumbu mai lafiya irin naka sak, su cire allurarsa su dasa wa naka, su lallaɓa shi ya juya har su kwashe abin da ke ciki zuwa wani sabo. Aiki ne mai tsada, sau da yawa kuɗinsa yakan wuce na sabuwar kwamfuta, kuma ba mai gaskiyar da zai rantse maka cewa duka za a samu. Kafin ka miƙa, ka tambaye su abu 3: nawa ne, kuma in ba a sami kome ba nawa za a biya, kuma wane alkawari za su yi a rubuce na tsare asirin abin da ke ciki. Sunayen yara da makinsu amana ce, a Nijeriya kuwa tun 2023 akwai dokar tsare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da su nauyin kiyaye su.

Ga sauran masu karatu kuwa, ku sani ba kowace ɓata ce irin ta Malam Akawu ba. Wani rumbunsa lafiya lau, kuskure ya yi ya goge takarda, ko ya wanke rumbun duka. A nan akwai sauƙi, gama in ka goge takarda, kwamfuta ba ta bin rubutun ta share nan take. Sunansa kawai take cirewa daga fihirisa, ta ce wurin ya zama fili, kamar a yage shafin da ke nuna babi-babi a bar littafin. Muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba, ana iya tono shi da manhajoji irin su Recuva, ko PhotoRec, ko TestDisk. Sharaɗin shi ne ka daina aiki da rumbun nan take, kada ka saka manhajar ceton a cikinsa, kada kuma ka zuba abin da ka ceto a cikinsa, sai cikin wani dabam. In kuwa rumbun yana juyawa ba ƙara, amma yana nawa yana tuntuɓe, gwani yakan fara kwafe shi ɗungum zuwa wani mai lafiya da wata manhaja da ake kira ddrescue, sa'an nan ya yi bincikensa cikin kwafin, ya bar majinyacin ya huta.

Akwai kuma sabon irin rumbu, wanda ake kira SSD, shi ke cikin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu. Shi ba faifai ba allura, ba ya tsoron jijjiga kamar na da, ya kuma fi sauri. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Shi ba ya kuka kafin ya mutu, yakan ɗauke ne farat ɗaya, abin da aka goge cikinsa kuma yakan share shi da kansa ba da jimawa ba, har a rasa abin tonowa. Ko irin na da ɗin ma ba kullum yake sallama ba. A 2007 ma'aikatan Google suka ba da rahoton bincikensu a kan rumbuna fiye da 100,000, suka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a ma'aunin lafiyar da ke jikinsu.

Malam Akawu, saura magana ɗaya mai ɗaci, amma tilas mu faɗa. Ka tafi wurin shugaban makarantarku yau, kada ka kai gobe, ka gaya masa gaskiya. Shi ke da ikon fitar da kuɗin ceto, shi kuma zai iya umurtar malamai su kawo takardun da suka rubuta maki da hannu. Ka tattara rajistar aji, da kututturen rasit, da katin sakamakon da aka ba yara a zangunan baya, da duk abin da ka taɓa aika wa wani ta imel ko WhatsApp, da tsohon filash ɗin nan naka. Za ka yi mamakin yawan abin da zai komo ta wannan hanya. Kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi bisa ga a ce yara sun rasa sakamakonsu saboda ka yi shiru.

Yanzu kuma sai mu juyo gare ku, ya ku akawuna da malaman makaranta da masu rubuce-rubuce, gama in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Kuskuren Malam Akawu ba lalaci ba ne, ai kowace Juma'a yana kwafi. Kuskurensa shi ne ya raba rumbu ɗaya da zana, ya riƙa kwasar hatsi daga wannan gefe yana zubawa wancan, yana tsammani ya yi ajiya biyu. Ran da gobara ta zo ba ta tambayi zana ba.

Masana wannan aiki suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa. Suna kiranta 3-2-1. Watau duk abin da ba ka son rasawa ya kasance kana da shi wuri 3, na aiki ɗaya da kwafi biyu. Ya kasance cikin ma'aji iri 2, misali rumbun kwamfutarka da rumbun waje wanda ake jonawa da waya. Sa'an nan kwafi 1 ya kasance a wani gida dabam, nesa da inda kwamfutar take. Kada ku ce wannan tsirfar Turawa ce. Kowane sharaɗi cikinta sai da wani ya yi kuka kafin aka koye shi, ga kuwa misalai.

Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a ma'ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus. Mutane da yawa sun ba kamfanin ajiyar aikinsu, waɗansu har da kwafin. Waɗanda kwafinsu ke cikin ginin nan tare da na asali suka tashi ba wan ba ƙanen. Darasin nan shi ne, kwafin da ke kwana ɗaki ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ke ɗauke su, wuta ɗaya ke cin su.

A watan Yuni 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta ɓulla daga ƙasar Yukren, ta shiga kwamfutocin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwan nan na ƙasar Denmark. Kamfanin yana da kwamfutoci wajen 150 a ƙasashe dabam-dabam masu riƙe da rajistar mabuɗan shiga, kowace kwafin 'yar'uwarta ce. Amma da yake duk a jone suke da juna, cutar ta bi ta shafe su gaba ɗaya. Aka yi ta cigiya, sai aka sami guda ɗaya tak da ta tsira a ofishinsu na Ghana, dalili kuwa an ɗauke wuta can kafin cutar ta iso, ta tarar da ita a kashe. Aka ɗauko rumbunta aka kawo Nijeriya, daga nan wani ma'aikaci ya tashi da shi zuwa Ingila, da shi aka sake tayar da kamfanin. Duk da haka hasararsu ta kai wajen dala miliyan 300. Ku dubi ikon Allah, ɗaukewar wutar da muke kuka da ita kullum ita ta cece su. Amma mai hankali ba ya dogara ga sa'a. In ka gama kwafi, ka zare rumbun wajen ka ajiye, kada ka bar shi a jone.

A 1998 kuma, a kamfanin Pixar na Amurka, ana cikin shirya fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba kwamfuta umurnin gogewa bisa kuskure, kafin a farga wajen kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Suka ce ba kome, akwai kwafi. Da aka buɗe kwafin sai aka tarar ashe ya daɗe ba ya ɗaukar aikin daidai, ba wanda ya lura, gama ba wanda ya taɓa gwadawa. Abin da ya fisshe su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar nan da barguna aka kawo ta ofis cikin mota kamar ana ɗauke da ƙwai. Ashe kwafin da ba a taɓa buɗewa an gani ba, sunansa zato.

Wataƙila wani malami ya ce, ai abin da Allah ya ƙaddara zai ɓata sai ya ɓata. Haka ne, ba mu musa ba. Amma ku tuna, Allah da kansa ya ɗauki alkawarin tsare Littafinsa, duk da haka Sahabbai ba su naɗe hannu ba. Da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ba Halifa Abubakar shawara, aka sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani a rubuce wuri ɗaya. A zamanin Sayyidina Usman kuma aka kwafe shi aka aika manyan birane. Malamanmu na ƙasar nan ma haka muka tarar da su, almajiri ya ari littafi ya kwafe da hannunsa, in ya gama a zauna a yi muƙabala, wani na karanta na asali wani na bin kwafin, don kada a sami tsallake. Da wannan ne littattafai suka tsere wa gara da gobara da ruwan sama har suka iso mana. Abin da muke kira gare shi ba baƙo ba ne, sunnar magabata ce, alƙalamin ne kawai ya sake.

To, ga yadda ƙaramin ofis zai yi ba da kashe kuɗi mai yawa ba. A sayi rumbun waje guda 2, a rubuta wa ɗaya Alif, ɗaya Ba. Wannan Juma'a a kwafe aiki cikin Alif kafin a tashi, shugaba ya tafi da shi gida. Juma'a mai zuwa a kwafe cikin Ba, a musanya. Kwamfuta ma tana iya yin kwafin da kanta in an umurce ta, masu Windows suna da File History, masu Mac suna da Time Machine. Sa'an nan a riƙa aika takardu masu muhimmanci ma'ajiyar intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5, takardun rubutu da lissafi kuwa ba su da nauyi, na shekaru da yawa sa shiga. Sai dai ku lura, irin ma'ajiyar nan madubi ce, abin da ka goge a kwamfutarka yakan gogu can ma, a kwandon sharar Google Drive kuwa kwana 30 kawai yake yi. Don haka ita ƙari ce bisa rumbun waje, ba madadinsa ba.

Kowane farkon wata a ɗauki kwafin a jona shi ga wata kwamfuta dabam, a buɗe takarda 3 ko 4 a gani ko suna karantuwa, ko kuma aikin makon jiya yana ciki. Wannan ita ce muƙabalarmu. Kowane ƙarshen zango a buga sakamako da lissafin kuɗi a takarda, a sa hannu, a ɗaure a ajiye, gama takarda ba ta bukatar lantarki. Kada a mai da filash babban ma'aji, shi ɗan aike ne, yakan ɓata, yakan mutu, akwai kuma na jabu a kasuwa masu nuna ciki babba alhali kuwa ƙarami ne. Wanda kwamfutarsa ke kulle rumbunta da BitLocker ya nemo mabuɗin ceto, lamba ce mai alƙaluma 48, ya rubuta a takarda ya adana, gama in ba ita ko gwanin gwanaye ba ya iya buɗe abin da ya ceto. A kuma sa wa kwamfutar tebur batirin nan da ake kira UPS saboda ɗaukewar wuta, a rufe ta daga ƙurar hunturu in an tashi aiki, kada kuma a ɗaga ta ko a ture ta tana kunne.

Duk wannan ba zai ci maka rabin sa'a a mako ba. Malam Akawu kuwa yau da za a ce ya ba da albashinsa na wata guda a komo masa da rabin sa'ar nan, da gudu zai bayar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda duk ya karanta wannan shafi, kada ya ce sai Juma'a, ya tashi yau ya tambayi kansa, in kwamfutar nan ta ƙi tashi gobe da safe, ina aikina yake?

Malam Akawu, muna jiran wasiƙarka ta biyu, ka gaya mana yadda kuka ƙare da shugaba da kuma masu ceto, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya mayar maka da abin da ya ɓata, ya fid da kai kunya, ya kiyashe mu duka daga da-na-sani, amin.

Edita.